Tsintsiyar Kuran

A kan amalanken Nomau na gan ta,
tsakanin bargon mota da murfin firji,
jaki na jan su zuwa sikeli,
inda ƙarfe ba shi da suna sai kilo,
can bayan Kadro, wajen masu sara.

Tana kwance kamar ƙaramar ganga,
shuɗinta ya koɗe, tsatsa ta ci kunne,
ga dogon hanci mai zobba-zobba.
Na ce, Nomau, tsaya. Ya ce, nawa?
Jikka guda, na cika da dala tara.

Shekara talatin ina gyaran rediyo,
ban taɓa buɗe cikin irinta ba.
Mai shayi ya ce famfon feshin fari ne.
Mai faci ya ce injin hura taya.
Wani ɗan kabu-kabu ya ja da baya,
ya ce a kira jandarma kafin ta tashi.
Giwar ƙarfe ce! in ji yara.

Sai ga tsoho Arzika da sandarsa,
wanda ya yi kuku gidan mai awon gyaɗa
tun Maradi na ƙanshin buhu da mai.
Idonsa ya yi hazo, sai ya sa hannu,
ya shafa ta daga wuya har gindi,
ya daɗe bai ce komai ba.
Can ya ce, tsintsiya ce. Ta madan.
Da safe take jan ta bisa kilishi,
tana kuka kamar ana yankan sa.
Shekara shida ina gidan, ban taɓa ta ba,
an ce ba ta son hannun baƙi,
sai dai hannun annasara.

Daren nan na kwance ta gaban aci-balbal.
Kusa goma sha ɗaya, biyu sun ƙi,
sai da na ba su kananzir suka yarda.
A jakar cikinta na tarar da ajiya:
maɓalli fari, tamma guda ta da,
ɓawon gyaɗa, silin gashi ja,
da ƙurar wani ɗaki da aka rushe
tun kafin a haifi uwar Barira.

Gidan zanzaro na fasa a kan nadinta.
Gawayinta ya cinye, na feƙe sabo
daga cikin tsohon batirin tocila.
Waya ta fanka, filogi na dutsen guga,
jaka kuwa, Allah ya ba Barira haƙuri,
zanenta ne na sallar bara.

Kwana biyu ba kuran a Bagalam.
Na uku, ana kiran isha'i, ƙwai ya kama.
Na ce bismilla, na danna.
Ta yi tari. Ta yi shiru. Ta yi wari.
Sannan ta buɗe murya,
awaki suka tsinke igiya,
maƙwabci ya leƙo ta katanga ba hula,
ta kama gefen rigata tana tsotsa
kamar maraƙin da ya kwana da yunwa.
Na yi dariya har hawaye ya zubo.
Barira ta ce, madalla, ta tashi.
To gidanmu rairayi ne, Malam,
daga ƙofa har bakin Gulbi.
Ta ina za ta fara?

Ban da amsa. Tsintsiyar kaba
na jingine a lungu, ba ta ce uffan ba.

Ran alhamis na ɗora ta bisa keke
zuwa masallacin unguwa,
inda darduma ta sha ƙafafu dubu.
Arzika na zaune a inuwar bedi.
Na ce, Baba, zo ka riƙe mini.
Ya goge tafinsa a riga sau biyu,
ya kama hancin da hannu na rawa.
Ya ce, ashe ba ta da nauyi.
Ya bi sahun farko, ya bi na biyu,
ladan na jira da agogo a hannu,
ya ce, bari in gama wanda ya saura.